An tashe ni daga ɗaki saboda baƙin kwana uku

Wallahi yau raina ya ɓaci. Na dawo daga aikin dare a gidan kula da tsofaffi, ƙafafuna sun ƙage don sanyi, sai na tarar da mai gidan da nake haya a Tromso, wani gari a arewacin Norway, tsaye cikin ɗakina, yana auna bango.

Na gaishe shi, bai ko juyo ba. Ya ce, "Ƙarshen Oktoba za ka tashi." Na ce lafiya? Na taɓa jinkirta kuɗin haya ne? Ya ce a'a. Maƙwabta sun kawo ƙarata? A'a. To me na yi? Sai a lokacin ya dube ni, ya ce, "Abin da kake ba ni a wata, masu zuwa kallon hasken arewa, wannan haske mai launi da ke fitowa a sama da dare, za su ba ni a kwana huɗu." Na ce masa hunturu ne ke shigowa, ina zan nufa da kayana? Ya ce wannan ba matsalarsa ba ce, amma in ina so in dawo a watan Mayu, bayan sun watse. Ya rubuta awonsa a waya, gado mai hawa biyu zai sa. Har ya kai ƙofa ya waiwayo: wai in riƙa buɗe taga, kada warin girkina ya kama labule kafin mai ɗaukar hoto ya zo.

Warin girkina! Ni da nake kwana ina juya iyayen mutanen garin nan a kan gado, ina wanke su, ina ba su magani.

Ku da ke nan kun san sauran. Motar safa ta cika da akwatuna har ma'aikaci ya rasa wurin tsayawa. Wanda bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba ya karɓi motar haya, ya tsaya tsakiyar titi cikin duhu yana ɗaukar sararin sama. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa a garin nan, kuma a daidai lokacin ne ɗalibai da masu shara da masu jinya ke yawon neman makwanci. Garin da mutanensa ba su wuce dubu 80 ba, jirage na ta sauke masa jama'a daga Landan da Faris. Maƙwabtanmu na Rovaniemi a Finland sun gaji har suka fito zanga-zanga a 2024.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A nan raɓar aka fifita, kuma laifin hukuma ne. Tun 2020 akwai dokar da ta taƙaita hayar kwana-kwana, amma gidajen haɗaka ta shafa, wato inda mutane da yawa suka mallaki sassan gini ɗaya. Mai gidan kansa da ɗakin ƙasa irin nawa sai abin da ya ga dama. A 2025 majalisar Norway ta amince ƙananan hukumomi su karɓi harajin da bai wuce kashi 3 cikin ɗari ba a kan kwanan baƙi. Ina kuɗin za su? Banɗaki, wurin ajiye mota, hanyoyin hawa dutse. Duk don baƙon ya ji daɗi ya sake dawowa. Wa ya yi maganar inda mai wanke banɗakin zai kwana? Hukumomi na kukan ƙarancin ma'aikatan jinya a arewacin ƙasar, suna kallo ana fitar mana da katifa waje a cikin dusar ƙanƙara. Su faɗaɗa dokar nan ta kai ga kowane ɗaki, ko su nemo wanda zai kwana da tsofaffinsu.