Jam'iyyar KD ta Suwidin ba reshen coci ba ce

Abin na damuna duk lokacin da na ji ana cewa jam'iyyar Kiristocin Dimokuraɗiyya ta Suwidin, wato KD, reshen coci ce mai son ɗora dokokin addini a kan ƙasa. Masu wannan zato ba su da laifi sosai, domin asalinta na addini ne. A 1964 aka kafa ta, bayan mutane sama da miliyan 2 sun sa hannu kan ƙorafin ƙin rage darasin addinin Kirista a makarantu, kuma Lewi Pethrus, jagoran cocin Fentikos, yana cikin waɗanda suka assasa ta.

Sai dai wannan tushe bai kai ta ko'ina ba. A Suwidin sai jam'iyya ta sami kashi 4 cikin ɗari na ƙuri'u kafin ta shiga majalisa, ita kuwa ta fi shekara 20 tana faɗuwa ƙasa da haka. Alf Svensson, wanda ya shugabance ta daga 1973 zuwa 2004, shi ya karkata ta zuwa batun iyali, kula da tsofaffi da kiwon lafiya, don ta jawo waɗanda ko coci ba sa zuwa. Da ƙarfinta ta shiga majalisa a 1991, ta kuma shiga gwamnatin haɗin gwiwa ta Firaminista Carl Bildt.

Ga misali ɗaya. Abin da ta fi dagewa a kai a wannan gwamnati shi ne alawus ga iyayen da suka zaɓi rainon ƙananan yaransu a gida. An fara biya a 1994, ba tare da an tambayi kowa addininsa ba.