Jikan Mahauta Da San Ƙarfe A Houston

Maƙwabcina, wani dattijon Bature mai ɗingishi, ya ƙare ƙuruciyarsa yana hawan bijimai a wasan rodiyo, wato gasar hawan dabbobi ta makiyayan Amurka, kuma shi ya ja mu bikin rodiyon da ake yi a birnin Houston na jihar Texas cikin watan Maris. A hanya ya bayyana mana cewa mahayi ba shi da albashi: shi zai biya kuɗin shiga gasa, ya kwana yana tuƙi daga Texas zuwa Wyoming, kuma idan bai yi daƙiƙa 8 a bayan bijimin ba, riƙe da igiya da hannu ɗaya, ɗayan hannun a sama bai taɓa dabbar ba, to ko sisi ba zai samu ba. Burin kowa, in ji shi, shi ne gasar ƙarshe ta Las Vegas a watan Disamba.

Sai na ce masa ni jikan mahauta ne, a Kano gaba da gaba ake tarar sa a yi hawan ƙaho, saboda haka daƙiƙa 8 wasan yara ne. Dattijon bai yi musu ba. Ya kai ni wurin wani sa na ƙarfe da inji ke juyawa, har ya biya mini kuɗin hawa.

Da babbar riga na hau. Juyin farko hulata ta tashi. Juyi na biyu iska ta ɗaga rigar ta lulluɓe mini kai, na daina ganin komai, hannun da ya kamata ya tsaya a sama ya koma laluben wuyan riga, ina salati da ƙarfi. Daga nan na ji ni a ƙasa kamar buhun gero, ƙafa ɗaya babu takalmi, yara suna tafi. Ashe yaron da ke sarrafa injin bai ma ƙara masa gudu ba.

Faɗuwar ba ta ƙona mini rai kamar abin da ƙanen matata ya yi ba. Mutumin da nake ciyarwa, wanda ko akuya bai taɓa ɗaurewa ba, ya tsaya da cinyar talotalo a hannu yana ɗaukar bidiyo, yana cewa, "Yaya, riƙe ƙahon mana!" alhali san ba shi da ƙaho. Kafin in gano takalmina ya tura wa dangi a WhatsApp, Hajiya ta kira tana tambaya ko karatun da na zo yi ke nan. Hular ma tana wurinsa har yau, wai zai kai ta wanki.