A Mayar da Kundin Kammala Digiri Cikin Unguwa

Duk wanda ya bi gefen kogin Jakara da ke birnin Kano a watan Agusta ya ga yadda leda take toshe magudanai har ruwa ya faɗa gidajen mutane, kuma da wannan gurɓataccen ruwan ne masu lambu suke shayar da latas da alayyafo idan rani ya yi. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a cikin waɗannan unguwanni akwai ɗaliban jami'a masu karanta kimiyyar sinadarai da nazarin ƙasa da aikin injiniya, waɗanda suke tsallake kwatar nan kullum da safe, amma ba a taɓa nuna musu cewa tana cikin karatunsu ba.

Jami'ar Bayero ta zama cikakkiyar jami'a tun 1977, tana da cibiyar binciken noma a yankuna masu ƙarancin ruwa, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil. Masana ba su yi mana kaɗan ba. Matsalar ita ce kundin da ɗalibi yake rubutawa a shekarar ƙarshe, wanda ya ci kuɗin mahaifinsa da barcinsa, yakan ƙare a kan kanta yana shan ƙura.

Ra'ayina shi ne a wajabta wa ɗalibi ya ɗauko batun bincikensa daga inda yake kwana. Ɗan Sharada ya auna ruwan rijiyoyin da ke kusa da kamfanonin jima, ya gano ko sinadarin kuromiyam da ake jeme fata da shi ya shiga cikinsu. 'Yar Yankaba, inda kasuwar kayan gwari take, ta binciki yadda ruɓaɓɓen kayan gwari zai koma taki. Mai karanta tattalin arziki ya zauna da 'yan gwangwan da 'yan bola-jari, domin su ne suka riga kowa sanin darajar abin da muke zubarwa, kuma ya je musu a matsayin mai neman sani, ya bar girman kai a gida.

Bayan ya kare kundin a gaban malamansa, sai ya koma ƙofar gidan mai unguwa ya yi bayaninsa da Hausa, a gaban liman da matan unguwa da 'yan garuwa, su yi masa tambayoyi. A ba wannan zama maki kamar jarrabawa, a kuma bar wa mai unguwa kwafi, domin ɗalibin baɗi ya ɗora daga inda na bana ya tsaya.