Wai na zauna kamar gunki a sinima

Daren Asabar ɗin da ta wuce 'yan ajinmu suka ja ni sinima a nan Pune ta ƙasar Indiya, kuma tun ranar wata magana da ɗaya daga cikinsu ya faɗa min ta tsaya min a rai ta ƙi wucewa, shi ya sa na ce bari dai in rubuta ko na samu sauƙi.

Fim ɗin na soyayya ne da barkwanci, wasu abokai ne da suka yi kwaleji tare suka watse, bayan shekaru bikin ɗayansu ya sake haɗa su, wani ya yi tumbi, wata aurenta ya mutu, saurayi da budurwar da suka kasa faɗa wa juna abin da ke ransu suna makaranta yanzu ga su ana kallon-kallo. Duk wanda ya tashi da kallon Indiya a Arewa zai faɗa maka ƙarshensa tun ba a kai rabi ba. Ni mutanen da ke cikin zauren ne suka ɗauke min hankali.

Sinimar tana hawa na uku a wani katafaren kanti, sai an caje jakarka a ƙofa, tikitin a waya yake, rupi 280 na biya. Ciki sanyi kamar Jos a watan Disamba, kujeru jajaye masu laushi. Kafin a fara sai an nuna gargaɗi kan shan taba, sannan a sa taken ƙasarsu kowa ya miƙe tsaye, babba da yaro, ba mai ko tari. Amma jarumin na fitowa wuri ya kaure da fito, irin na sa yatsu biyu a baki ɗin nan, har kunnena ya yi ɗum. A tsakiyar fim kuma sai a kunna fitilu a tafi hutu, mutane su fita su sayo samosa da gugguru da shayi su dawo suna gardama kan wa ya yi laifi tsakanin saurayin da budurwar.

Da aka zo wajen ranar ƙarshe a kwaleji, inda ɗalibai ke rubuta wa juna sunaye a jikin riga ana waƙar bankwana, wallahi kusan rabin zauren kuka suke. Mutumin da ke gefena zai kai shekara arba'in da biyar, da matarsa da 'ya'yansa biyu, ya cire tabarau ya sa hankici yana sharar hawaye kafaɗarsa na rawa, matar tana bubbuga masa baya, yaran ko a jikinsu. A gabanmu wasu mata su takwas suka kunna fitilun waya suna bin waƙar, lokacin hutu na ji suna cewa kwaleji ɗaya suka gama kuma tare suka yanki tikiti don wannan fim ɗin.

Da muka fito muka wuce titin da suke kira FC Road, kusa da kwalejin Fergusson da aka kafa tun 1885, muka tsaya wajen mai shayi, ana zuba shi a 'yan ƙananan kofunan gilashi ana haɗawa da vada pav, wato soyayyen dankali a cikin burodi da yaji. A nan ne ɗaya daga cikinsu, idonsa har lokacin jajir, ya dube ni ya ce, "Kai ka zauna kamar gunki. Ku a Najeriya ba ku da irin wannan rayuwar kwalejin ne?"

Na san ba da mugun nufi ya faɗa ba, yaron kirki ne. Na ce masa muna da ita, na yi shiru. Amma raina ya sosu.

Ku da kuke gida kun san yadda muke kallon irin wannan fim ɗin. Ɗakin hostal, laftof a kan bokitin da aka kifa, mutum goma a kan katifa biyu, fassarar Algaita tana tashi, kowa ya zama mai sharhi. "Kai faɗa mata mana, ragon banza!" Wajen da ya fi ban tausayi nan ne dariya ta fi yawa, kuma duk mun san dariyar ta mece ce. Akwai wani ɗan ɗakinmu da duk aka zo wajen rabuwa ko mutuwar uwa sai ya miƙe ya ɗauki buta ya ce bari ya yi alwala, alhali ba lokacin sallah ba ne, ya fita ya daɗe ya dawo fuskarsa a jiƙe, kuma ba wanda ya taɓa ce masa ƙala. Wannan ita ce kunya, ita ce kara, ka ga ɗan uwanka ya karye ka kau da kai don kar ka tona shi. Ni a wurina ta fi fito da fitilar waya nauyi nesa ba kusa ba.

Ba na cewa nasu ba shi da kyau. Namiji ya yi kuka a gaban 'ya'yansa ba tare da an raina shi ba, akwai alheri a ciki, kuma yadda suke riƙe zumuncin 'yan aji abin koyi ne. Sai dai kukan nasu mai sauƙi ne. Wanda ya yi min tambayar nan, ƙofar kwalejinsa tafiyar minti goma ce daga inda muke shan shayi, mai shayin ma ya san shi tun yana aji ɗaya. Digirin shekara uku a shekara uku ya gama shi, ranar da aka ce za a yi bankwana ranar aka yi, aka yi hoto, aka rubuta suna a riga. Yana da abin da zai zauna ya yi wa kuka cikin kwanciyar hankali.

Mu wace rana ce ranarmu ta ƙarshe? Na shiga jami'a 2017, ban fito ba sai 2023. A 2020 ga korona ga yajin aikin malaman jami'o'i na wata tara, a 2022 aka sake tafiya wani daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. Duk dawowa sai ka tarar aji ya ragu. Wata an yi mata aure lokacin yajin aiki mijin ya ce ta zauna, wani ya kama shago a kasuwar Sheikh Gumi ya ga kuɗi na shigowa ya ce shi da boko sai wata rana, wani ya canza makaranta. Ɗaya bayan ɗaya muka zube ba sallama. Ga kuma abin da ya faru a 2021, a watan Maris aka kwashe ɗalibai 39 a kwalejin gandun daji ta Afaka da ke Kaduna, a watan Afrilu aka shiga jami'ar Greenfield, biyar daga cikin waɗanda aka ɗauka ba su dawo da rai ba, Allah Ya jiƙansu. Shekara ta zagayo aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari ranar 28 ga Maris. In na tuna makaranta abin da ke fara zuwa kunnena muryar Umma ce a waya, "Kana ina? Don Allah in magariba ta yi kar ka biyo hanya, ka kwana can." To wanda ya ɗauko wannan a ƙirji ya shigo sinima, in ya yi shiru ai ba don ba shi da abin tunawa ba ne.

Kuma in faɗa muku gaskiya, lokacin da ake waƙar bankwanar nan ba wata budurwa na tuna ba. Mutumina na Sabon Tasha na tuna. Ni ɗan Tudun Wadan Kaduna ne, ina ɗan ƙarami aka yi rikicin 2000 da na 2002, na tashi na tarar garin ya rabu, mu Musulmi a nan su Kirista a tsallaken gada, kuma har na gama sakandare ban taɓa cin abinci a gidan kowa a can ba. Jami'a ce ta haɗa mu gado ɗaya sama da ƙasa. Shi yake tashina sallar asuba lokacin jarabawa in na makara, ya ce "Malam tashi, an kira." Da azumi ba ya cin abinci a ɗaki sai ya fita waje. Kirsimetin farko da na je gidansu gabana na faɗuwa na haye gadar, na tarar mamarsa ta aika an kira mahauci Bahaushe ya yanka kajin saboda ni, ta shimfiɗa min sabuwar tabarma a ɗakin yayansa ta ce ga inda zan yi sallah. Da babbar sallah shi ma ya zo, Umma ta cika masa leda da soyayyen nama har yana cewa ya isa haka Mama. Wannan abin a wane fim ɗin Indiya zan gan shi? Su rabuwarsu ta aiki da aure ce, mu akwai kogi a tsakani, kuma makaranta ce kaɗai wurin da ba a tambayar ka daga wane ɓangare ka fito kafin a matsa maka wuri a benci.

Yanzu yana Fatakwal yana aiki, ni ina nan. Da na koma ɗaki daren nan na buɗe WhatsApp na ga saƙonmu na ƙarshe wata bakwai ke nan, kuma shi ne ya turo, ni ne ban amsa ba. Guruf ɗin 'yan ajinmu ma ba a magana sai in an yi rasuwa ko haihuwa. Ƙarfe ɗaya na dare ne a nan, mun riga Najeriya da awa huɗu da rabi, na lissafa takwas da rabi ke nan a can, na danna kira. Bugu biyu ya ɗauka. "Malam! Ashe kana raye?" Na buɗe baki in amsa murya ta ƙi fita, sai da na ce masa netwok ne, ya ce to yana jira, bai ƙara cewa komai ba har na dawo daidai.

Mun fi awa ɗaya muna hira. Ya ce mamarsa har yanzu tana tambayar ɗanta na Tudun Wada, ya ce Disamba zai shigo Kaduna. Shekarata biyu rabona da gida. Jiya na duba kuɗin jirgi daga Mumbai zuwa Abuja ta Addis Ababa, ya fi ƙarfin abin da ke hannuna yanzu, amma na fara ajiyewa, kuma na riga na gaya wa Umma ta sa rai in sha Allahu.