Kafin ka tura hoton gawarsa

Yanzu labarin rasuwar matashi ba ya jiran ɗan aike. Kafin a samu wanda zai iya tunkarar mahaifiyarsa da maganar, hoton ya riga ya zaga WhatsApp: babur a markaɗe, takalmi ɗaya a gefen titi, wani lokaci har da fuskarsa. Sai a rubuta "Innalillahi" a ƙasa, kamar hakan ya wanke laifin. Idan ka yi magana a ce maka wa'azi ne, don mutane su tuna mutuwa. Ni dai ban yarda ba. Wanda ganin makara bai girgiza shi ba, hoton waya ba zai girgiza shi ba.

Abin ya yawaita ne saboda irin mutuwar da ke ɗaukar matasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma rahotonta na 2023 ya nuna kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara. Tsoho yakan cika a kan shimfiɗarsa, 'ya'yansa na kewaye da shi. Matashi kuwa sau da yawa a bainar jama'a yake faɗuwa, gaban mutanen da kowannensu ke riƙe da waya.

Bara na rasa wani yaro da na sani tun yana rarrafe. Shekararsa 22. Idan ka nemi sunansa a intanet yau, bidiyon daƙiƙa talatin na ƙarshen rayuwarsa ne zai fara fito maka. Babu inda za ka ga cewa shi ne ke tara yara da daddare yana koya musu lissafi, yana zana alƙaluma da yatsa a bayan littafi, ko yadda yake dariya har sai ya dafa bango. Ƙanwarsa ta ce min ta daina buɗe waya wata biyu, don ba ta san inda za ta ci karo da shi ba.

Masu cewa irin waɗannan hotuna ne ke sa hukuma ta motsa suna da 'yar hujja. To, a miƙa wa masu bincike, ko a bar wa iyalin su yanke shawara. Tura wa mutum ɗari biyu a zauren WhatsApp ba shaida ba ce.

Ko yabon da muke yi ma na gaggawa ne. "Mutumin kirki ne, ba ruwansa." Gaskiya ne, amma wace gawa ce ba a faɗa wa haka ba? Matashi bai bar 'ya'yan da za su riƙa ba da labarinsa ba, don haka abin da abokansa suka riƙe shi ne kaɗai zai saura. Facebook ma yana ba da damar a mayar da shafin mamaci na tunawa, ya daina aika wa mutane sanarwar zagayowar ranar haihuwarsa.

Da na je wajen mahaifin yaron nan da na rasa, ban san abin da zan ce ba, sai na ba shi labarin ranar da yaron ya ɓata sa'a guda yana gyara min waya, ya ƙi karɓar ko sisi. Dattijon ya ɗago kai ya ce bai taɓa jin wannan ba, in sake faɗa masa tun daga farko.