Tsohon jirgi da sabon fenti, abin da na gani a albam ɗin Kawu

Jiya da daddare na ga wani ya sa hoton jirgi mai saukar ungulu a Facebook ya rubuta a ƙasa wai ga gwanjon da Turawa suka gaji da shi suka turo mana, jama'a kuma suka yi ta dariya, wannan ya ce jirgin ya girmi babansa, wancan ya ce ko kuɗi za a ba shi ba zai hau ba. To ni dai maganar ta tsaya mini a rai har na kasa barci da wuri, shi ya sa na ce bari in ɗan yi dogon rubutu, wanda ba zai iya karantawa ba ya wuce abinsa babu faɗa.

Ni ba matuƙi ba ne, ban ma taɓa hawa ba, kayan gyaran babur nake sayarwa a nan Garwa. Amma ina da kawu, yayan mahaifiyata, da ya ƙare ƙuruciyarsa yana zuba wa jirage mai a fili har ya yi ritaya, kuma Allah ya sa masa son ɗaukar hoto tun zamanin da sai an kai fim an wanke. Yana da wani albam mai baƙin bango da yake ajiyewa a ƙasan akwatin ƙarfe, rabinsa duk jiragen ungulu ne, kuma a bayan kowane hoto ya rubuta da biro ranar da ya ɗauka da lambar da ke jikin wutsiya, wani lokaci har da wata lamba ta daban da zan zo kanta.

Na farko da za ka ci karo da shi Alouette III ne, kansa duk gilashi, injin a waje tsirara a bayan fasinja, kai ka ce mazari ne aka hura. Wannan ya fara tashi tun 1959 a Faransa. Yayansa Alouette II kuwa 1955, kuma shi ne jirgin ungulu na farko a duniya da aka ƙera da yawa da injin turbin mai shan kananzir, kafin shi injin fistan ake sa musu irin na mota, ga nauyi ga rashin ƙarfi. Indiya ta karɓi izini ta ci gaba da ƙera Alouette III a gida da sunan Chetak, Romaniya ma ta ƙera. To a cikin dangin nan akwai wani da ake kira Lama, gangar jikin na biyu ce aka ɗora wa injin na uku saboda duwatsun Himalaya, kuma labarinsa ne ya fi burge ni. Ranar 21 ga Yuni 1972 wani matuƙi Bafaranshe mai suna Jean Boulet ya hau da shi har mita 12,442, can sama sanyi ya kashe injin ɗungum, ya ƙi tashi, mutumin nan ya sauko tun daga can har ƙasa babu inji kuma ya dira lafiya. Yadda abin yake, in inji ya mutu matuƙi yana sassauta kwanciyar farfela, iskar da ke tasowa daga ƙasa yayin da jirgin ke sauka ita ke ci gaba da juya ta, sai ya kusa ƙasa ya yi amfani da wannan juyin ya taushe sauka. Duk matuƙin jirgin ungulu sai ya koyi wannan kafin a ba shi takarda. Dan haka masu cewa in inji ya mutu jirgin faɗowa yake kamar dutse su daina.

Wani zai ce ina ruwanmu da Himalaya, mu da muke kwance a kwarin Binuwai. Akwai ruwanmu wlh. Kawu ya ce mini iska mai zafi sakayau take kamar ta kan dutse, farfela ba ta samun abin kamawa sosai, inji ma ƙarfinsa raguwa yake, shi ya sa jirgin da zai ɗauki kaya cike a Disamba in watan Afrilu ya zo zafi ya haura 40 sai an rage mutum ko an rage mai, kuma shi ya sa za ka ji su sun fi tashi da sassafe. Ga ƙurar hunturu da yashi da ke shiga inji suna cin ƙananan fukafukan ciki kamar fayil, sai an sa matata a bakin shan iska. Ma'ana jirgin da aka yi dan wahala shi ya dace da mu, ko da kuwa ba shi da kyan gani.

Sai Puma. Wannan kam 'yan uwanmu na Njamena da Kusuri ba sa bukatar hoto, da kunne suke gane shi. Ya fara tashi 1965, kuma sojan Faransa sun yi shekara da shekaru suna yawo da shi a sararin Cadi, daga farmakin sojansu da suka sa wa suna Manta a 1983 zuwa na Épervier da aka fara 1986 har aka koma na Barkhane a 2014, sai a Janairun 2025 suka tattara nasu ya nasu suka bar sansanin Njamena. Ra'ayina kan zamansu daban, wannan hira ce ta wata rana, yau kan ƙarfen nake magana. Kamfanin da ya ƙera shi ma sau nawa ya canza suna, Sud Aviation ne da, ya koma Aérospatiale a 1970, ya koma Eurocopter a 1992, tun 2014 kuma Airbus Helicopters, amma masana'antar tana nan a Marignane kusa da Marsel. Gazelle ma nasu ne, 1967, shi ne wanda farfelar bayansa ke cikin rami a jikin wutsiya kamar fankar tebur.

Na Rasha kuwa Mi-8 da ƙaninsa Mi-17, Kawu jaki yake ce musu, kuma yabo ne a bakinsa. Tun 1961 yake tashi, an ƙera sama da 17,000 a Kazan da Ulan-Ude, sojan Cadi na da shi, namu na Kamaru na da shi, Majalisar Ɗinkin Duniya ma haya take ta shafa masa farin fenti. Ya koya mini wata 'yar dabara, in ka tsaya a bayansa ka duba ƙaramar farfelar wutsiya, in tana dama tsohon Mi-8 ne, in tana hagu Mi-17 ne. Ya kuma ce babbar farfelar na Rasha da na Faransa in ka kalla daga sama yadda hannun agogo ke tafiya take juyawa, ta Amurka kuwa akasin haka. Na Amurkan da aka fi sani shi ne Bell UH-1 na yaƙin Biyetnam mai fiffike biyu da ke yin fat fat fat tun daga nesa, jikansa Bell 412 fiffike huɗu gare shi, ƙararsa ta fi laushi.

Yanzu ga inda nake so in kai ku. A tsakiyar albam ɗin akwai hoto biyu da ya liƙa gefe da gefe. Ɗaya ƙaramin Écureuil ne fari da ratsin shuɗi, lambarsa ta fara da F, ɗayan kuma ja ne lambarsa ta fara da ZS, tsakaninsu shekaru da yawa dan har kalar hoton farko ta koɗe. Na ce Kawu me ya sa kuka haɗa waɗannan. Ya ce kai ɗan nan duba baya mana. Na juya, lambar wutsiya daban daban amma ɗayar lambar iri ɗaya ce sak. Ya ce jirgi ɗaya ne, ya tafi ya yi aure a wata ƙasa ya dawo da sabon suna. Na ce to yaya kuka gane, ya ce akwai ɗan farantin ƙarfe da masana'anta ke bugawa a jikin jirgi da lambar ƙira, kamar lambar shasi a mota, shi kuma duk jirgin da ya zuba wa mai in matuƙin mai sakin fuska ne sai ya roƙa ya leƙa ya kwafa. Lambar wutsiya ta ƙasar da aka yi wa rajista ce, F Faransa, ZS Afirka ta Kudu, TJ Kamaru, TT Cadi, 5N Najeriya, 5U Nijar, in an sayar sai a goge a rubuta wata. Wancan farantin kuwa da shi zai mutu. Irin Écureuil ɗin nan ne ma fa aka sauke a ƙololuwar dutsen Everest a watan Mayun 2005.

To shekarun da kuke ƙirgawa na wa ne? Na ƙwarangwal ne kawai. A jirgin ungulu manyan kaya duk da awanninsu a rubuce, fiffike, giya, sandar da ke juya farfela, inji, kowanne akwai iyakar awa da zai yi, in ta cika a cire shi a gyara ko a jefar ko da yana ƙyalli kamar jiya aka saya, kuma a rubuta a littafi wane ne ya cire, yaushe, me ya sa a madadinsa. Jirgi mai shekara 40 da ake bi da shi haka zai iya kasancewa kusan babu abin da ya rage na ranar farko sai gangar jiki da wancan faranti. Da tsohuwar zuma ake magani ai. Mu ne muka saba da motocin konjele da babur da ake hawa sai ya mutu a hanya, a shagona mutum zai zo birki ya cinye har ƙarfe ya ce in ba shi na hannu mai sauƙin kuɗi, na faɗa masa gaskiya ya ce Allah na tsarewa, to da wannan idon muke kallon jirgi shi ya sa muke auna shi da fenti.

Ban ce ba ya faɗuwa ba. Mu a arewa ba mu manta da 22 ga Janairu 2017 ba, ranar da jirgin da ke ɗauke da Janar Jacob Kodji na sojan Kamaru ya faɗi a yankin Bogo, shi da waɗanda ke tare da shi suka rasu. A Yulin wannan shekarar kuma guguwa ta lalata jiragen sojan Cadi da dama suna fake a ƙasa a Njamena, ko tashi ba su yi ba. Abin da nake cewa shi ne in za mu yi wa masu sayen jirgi tambaya mu yi mai amfani. Ina littafinsa, awa nawa ya rage wa inji, daga ina kayan gyara ke zuwa kuma da takardarsu ko babu, an ware kuɗin kula da shi ko na saye kawai aka ware, yaranmu nawa aka tura suka koyi gyaransa, akwai rumfar da zai kwana ko rana da ƙura za a bar wa. Sabon jirgi dal da babu wannan kyan ɗan maciji ne, ni dai in dole ce gara in hau Alouette ɗin Kawu.

Abin da ke ƙona mini rai kuma, in kana neman tarihin jirgin da ya sauka a Garwa ko Salak na Marwa ko Abeshe sai dai ka samu a wajen wani Bature da ya zo ya ɗauka ya rubuta ya ajiye, mu da ƙurar ta tashi a kanmu ba mu da komai. Yanzu ma ɗaukar hoton ya zama abin tsoro, ɗan yayata ya taɓa ɗaga waya kusa da shinge, wani mai kaki ya ƙwace ya goge komai har hotunan bikin ƙanwarsa, sai da aka yi ta ba da haƙuri. Kan na soja ban ga laifi ba a halin da muke ciki na Boko Haram, kuma samari ku ji da kyau kar wanda ya ce ni na aike shi. Amma na agaji da na kamfanoni, me zai hana a ware rana ɗaya a shekara a buɗe wa 'yan lekol su shiga su gani su taɓa su tambaya, daga cikinsu ne fa makanikan za su fito.

Albam ɗin dai gara ta fara cin gefe ɗaya, na soma ɗauka da waya gaba da baya, na kai rabi. Akwai wani hoton Mi-8 fari da tawadar bayansa ta jiƙe ba na iya karanta lambar, na kai masa ya kanga a rana ya juya ya sake juyawa, ya ce in dawo ranar Juma'a bayan masallaci in taho masa da tabarau ɗinsa da ya kai gyara kasuwa.