Wa Ya Ba Su Izinin Shafa wa Fim ɗin René Clair Kala?

Duk mai neman tsofaffin fina-finan Amurka a YouTube ya san abin da ake ciki a 'yan shekarun nan. Rubuta sunan And Then There Were None, fim ɗin kisan kai da bincike na 1945, za ka ga kwafi-kwafi sun jeru, wasunsu an bi su da manhajar ƙirƙirarriyar basira an shafa musu kala, an manna musu tambarin 4K, wato hoto mai tsananin kaifi, an kuma rubuta wai an gyara su. A ƙasa kuma sai ka tarar da masu kallo suna ta godiya da sa albarka, kamar an fito musu da wata taska daga rami. Wannan godiyar ta fi ɓarnar kanta ci mini tuwo a ƙwarya, domin tana nuna mutane sun karɓi jabu hannu bibbiyu, har sun fara ganin na asalin ne mai naƙasa.

Fim ɗin ba ƙaramin aiki ba ne. René Clair, Bafaranshen da ya zauna a Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya ba da umarni. Dudley Nichols ya tsara labarin daga littafin da Agatha Christie ta fitar a 1939, ya kuma karkata ƙarshensa zuwa irin na wasan dandamalin da ita kanta ta rubuta a 1943. Mutum takwas aka gayyata wani gida a tsibiri, suka tarar da barori biyu, mata da miji, amma babu maigida. Bayan cin abincin dare sai faifan garmaho ya shiga lissafa wa kowa ran da ake zarginsa da salwantarwa. Daga nan suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya mutu sai a ga ɗaya daga cikin gumakan ado goma da ke kan teburin cin abinci ya karye ko ya ɓace. Barry Fitzgerald ne alƙali, Walter Huston likita, ga Judith Anderson da Louis Hayward da June Duprez. A 1946 fim ɗin ya ɗauki babbar kyauta a bikin fina-finai na Locarno a ƙasar Suwizalan.

To ya aka yi irin wannan fim ya zama na kowa da kowa? Dokar Amurka ta wancan zamani tana ba fim kariyar haƙƙin mallaka ta shekara 28, sai kuma a sabunta. Kamfanin 20th Century Fox rarraba shi kawai ya yi, wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa ne ya shirya shi, kuma da wa'adin ya cika ba a sabunta ba. Tun daga nan duk wanda ya sami wani tsohon kwafi yana iya buga shi a kaset ko faifai ya sayar. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru: wannan ya kwafa daga wancan, wancan ya kwafa daga wani, hoto yana dusashewa, murya tana shaƙewa, baƙi yana komawa toka-toka. Ko Blu-ray ɗin da kamfanin VCI ya fitar a 2013, wanda ya fi tarkacen faya-fayan araha nesa ba kusa ba, bai kai inda ake fata ba. Hoton ya yi laushi, bai da kaifin da mai saye ke tsammani daga irin wannan faifai. Daga cikin waɗannan gajiyayyun kwafi ne masu shafa kala ke ɗebo abin da suke zuba wa na'ura.

Nan ne ƙaryar take, kuma lissafi kaɗan ya isa ya tona ta. Hoton DVD irin na Amurka ɗigo 720 ne a kwance, 480 a tsaye. Hoton 4K kuwa 3840 ne da 2160, wato ninki 24 cif. Idan ka ɗauki DVD ka hura shi ya zama 4K, cikin kowane ɗigo 24 da ke kan allonka, guda ɗaya ne ya fito daga faifan, sauran 23 na'ura ce ta yi hasashensu. Ita kuma na'urar ba ta taɓa ganin fuskar Walter Huston ba. Fuskokin mutane dubbai aka nuna mata, saboda haka duk inda ta ga dishi-dishi sai ta cike da abin da ta saba gani. Shi ya sa fatar tsofaffi ke yin sumul babu tamoji, ido ya riƙa sheƙi, haƙora su sake fasali daga wannan hoto zuwa na gaba, launin riga ya tashi daga ruwan ƙasa zuwa shuɗi mai ita yana tsakiyar magana. Wasu ba su tsaya nan ba. Fim ɗin an ɗauke shi hotuna 24 a daƙiƙa, sai su mai da shi 60, na'ura ta ƙago na tsakani. An ɗauke shi a allo mai kusan murabba'i, sai su datse sama da ƙasa don ya cika allon waya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hoton ya tafi. Misalinsu misalin wanda ya gāji littafin kakansa na rubutun hannu ne, tawada ta koɗe a wasu shafuka, sai ya ɗauki biro ya cike guraben da abin da yake zato, ya yanke gefen takardun don su shiga jaka, sannan ya ce ya raya aikin malam.

A fim irin wannan ɓarnar ta wuce maganar kyan gani. Fim ɗin binciken kisa yarjejeniya ce tsakanin mai ba da umarni da mai kallo: zan nuna maka iya abin da ya kamata ka gani, in ɓoye sauran a inda kai da kanka za ka yarda ba a cuce ka ba. Makamin ɓoyewar kuwa duhu ne. Lucien Andriot, wanda ya ɗauki hoton, da gangan ya auna haskensa don baƙi-da-fari. Akwai wurin da wutar gidan ke raurawa ta ɗauke, alƙali da likita su kaɗai a ɗakin sunuka, kowa yana tsoron ɗan uwansa, kuma tsoron yana cikin yadda rabin fuskar kowannensu ke nutsewa a inuwa. Akwai gawar da ake gani cikin haske kaɗan, wadda dabarar labarin gaba ɗaya ta dogara a kan iya abin da ido zai iya tantancewa a jikinta. Ba zan faɗi ta wane ne ba saboda waɗanda ba su kalla ba. Manhajar kala ba ta san da wannan yarjejeniya ba. A wurinta duhu aibi ne da za a wanke. Tana haskaka lungun da Clair ya rufe, tana zuba ja da kore a inda aka so idonka ya tsaya kan fuska ɗaya. Ko wurin nan mai daɗi da baƙin ke leƙen juna ta kafar makulli, wannan yana leƙen wancan, wani na bayansa yana leƙensa, ya dogara ne a kan tsarin allon da aka ɗauka. Ka datse shi, ka rage masa armashi.

Hujjar masu kare wannan aiki ita ce yaran yanzu ba sa kallon baƙi-da-fari, don haka kala ce za ta jawo su. Wannan magana raini ce ga matasa, an lulluɓe ta da rigar tausayi. Matashin da ke zama ya bi fim ɗin Koriya ko na Turkiyya kashi hamsin yana karanta fassara a ƙasan allo, shi ne za a ce rashin kala zai kore shi? Abin da ke korar mai kallo daga tsohon fim shi ne kwafin da ba a ganin komai, ba a jin komai. Ka ba shi mai kyau, inda baƙi ya yi baƙi, fari ya yi fari, ana jin kowace kalma, minti goma ya isa ya manta babu kala. Kuma ko da hujjar tasu gaskiya ce, me aka jawo matashin ya kalla? Ba aikin Clair ba ne, ba na Andriot ba ne. Zai tashi yana cewa ya ga fim ɗin, alhali abin da ya gani hasashen kwamfuta ne da aka rataya wa sunan mutanen da suka mutu ba su da bakin musantawa.

Sai masu cewa ai kyauta ne, da babu gara ba daɗi. Ba kyauta ba ne. Mai kallo a Kano ko Maraɗi da kuɗinsa yake sayen data, kuma fayil ɗin da aka hura ya fi na asali cin data ba tare da ya ƙara masa komai na gaskiya ba. Mai tashar kuma yana karɓar kuɗin talla. Sannan ba "babu" ake gudu ba, domin kwafin baƙi-da-fari yana nan, jabun ne ke danne shi a jerin abin da injin bincike ke fitarwa. Su kuma 'yan gani-kashe-nin da ke cewa tsohon fim ba ya kalluwa sai a silima a kan zaren fim na asali, ba da mu suke ba, don ba mu da wannan silimar.

Abin takaicin shi ne an taɓa yin wannan faɗa, kuma har an kai shi kotu. A 1986 Ted Turner, wani attajirin harkar talabijin a Amurka, ya sayi rumbun fina-finan kamfanin MGM ya shiga shafa musu kala don talabijin, har da The Maltese Falcon, wani fim ɗin binciken kisa na 1941. Wanda ya ba da umarninsa, John Huston, ɗan wannan Walter Huston ɗin ne da ya fito a likita, kuma ya yi tir da abin tun yana raye. Bayan rasuwarsa a 1987 magadansa suka kai ƙara a Faransa kan nuna wani fim ɗinsa mai suna The Asphalt Jungle da aka yi wa kala, kuma a 1991 babbar kotun ƙasar ta ba su gaskiya, bisa ƙa'idar cewa mai aiki yana da haƙƙin kada a sauya masa aikinsa ko da wani ne ya mallaki kwafin. A Amurka hayaniyar ce ta kai ga dokar adana fina-finai ta 1988. A wancan lokaci shafa kala aiki ne mai tsada da sai babban kamfani, akwai wanda za a kama. Yau kowane mai kwamfuta a ɗakinsa Turner ne, kuma fim ɗin da ba shi da mai shi ba shi da wanda zai tsaya masa. Clair ɗan ƙasar da ta yanke wancan hukunci ne, har an zaɓe shi cikin Académie française, majalisar manyan masana harshe da adabin Faransa, a 1960, ga shi aikinsa ya zama abin wasan kowa.

Kada kuma wani ya ce fim maras mai shi ba ya gyaruwa. Fim ɗin Detour na Edgar G. Ulmer sa'an na Clair ne, shi ma 1945, shi ma ya faɗa hannun kowa, shi ma an shekara da shekaru ana sayar da kwafinsa masu kama da hayaƙi. A 2018 ma'adanar fina-finai ta Academy, ƙungiyar da ke ba da kyautar Oscar, da gidauniyar Film Foundation, wadda mai ba da umarni Martin Scorsese ya kafa a 1990, suka kammala gyaransa. Kwafi mafi kyau a ma'adanar ƙasar Beljiyam aka same shi, amma da fassarar Faransanci da Filemanci a ƙone a jikin hoton. Sai da aka nemo wasu kwafin daga New York da Faris, aka riƙa ɗauko sassan da rubutun ya rufe ana mayarwa hoto bayan hoto. Gyara ke nan: ka bi sawun abin da kyamara ta ɗauka har inda ya ɓuya, ka dawo da shi, inda ya ɓace kuma ka bar shi a ɓace. Mu ma mun ga irinsa da Shaihu Umar na Adamu Halilu, fim ɗin 1976 da aka tono daga ma'adanar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara tare da cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna a bikin Berlin a 2018. Ina faɗin haka ne don tsofaffin kaset ɗin Kannywood na nan suna ruɓewa, kuma wannan manhajar ce za a fara miƙa musu.

Ba na neman a hana kowa wasa da kwamfutarsa. Amma YouTube da ya iya gane waƙar wani cikin daƙiƙoƙi ya toshe ta, ba zai gaza tilasta wa masu ɗora irin waɗannan kwafi su rubuta ɓaro-ɓaro cewa na'ura ce ta ƙago kala da ɗigon ba, ya kuma hana su kiran abin gyara. Ma'adanai da gidauniyoyin da suka ceto Detour su waiwayi fim ɗin Clair da irin wannan himma, kuma kwafi mafi kyau ya zama shi ne a buɗe ga kowa, a saman jerin, ba a kulle a faifan da sai mai dala zai saya ba. Kafin nan, wanda zai kalla ya nemi na baƙi-da-fari mai tsawon minti 97, wanda ya bar baƙin fili a dama da hagun allo, ya ƙyale duk wanda aka rubuta wa 4K da kala.